Fitilun gargaɗi a injin kofi na gida: yadda za ka gane su, ka kuma kashe su

Injin kofi na zamani ya shiga gidaje da ofisoshi a Garwa, Marwa da Ngaundare, har Kusiri da Njamena, kuma yawancinsa na hannu ne. Ko dai an sauke shi a Duwala cikin kayan gwanjon Turai, ko wani ɗan uwa ya taho da shi tsaraba daga Faransa ko Beljiyam. Yakan zo ba kwali, ba littafin bayani. Sai ya ɗan kwana biyu yana aiki lafiya lau, ran nan da safe wata jar fitila ta kama, ya ƙi zubo ko ɗigo. Daga nan a kwashe shi a kai wa mai gyaran rediyo, ko a tura shi saman kabad ƙura ta binne shi. Abin yana damuna, domin galibin fitilun nan ƙaramin aiki suke nema, wanda bai fi ƙarfin maigida ko uwargida ba.

Akwai abu guda da in ka riƙe shi sauran za su zo maka da sauƙi. Injin ba ya ganin cikinsa. Bai san ko akwatin dusa, wato inda jiƙaƙƙen garin kofin da aka tace yake taruwa, ya cika da gaske ba, bai san yawan farin ɓawon da ya daskare a bututunsa ba. Ƙirga yake yi. Yana ƙirga kofin da ya haɗa, yana ƙirga ruwan da ya bi ta cikinsa, in lissafi ya cika sai ya kunna fitila. Ita kuma fitilar ba za ta mutu ba sai an yi aikin ta hanyar da zai shiga lissafinsa. Shi ya sa za ka ji mutum yana rantsuwa ya zubar da dusa, ya wanke komai tas, amma fitila tana nan daram.

Kafin ka taɓa komai

Tsaya ka duba da kyau. Wace alama ce a jikin fitilar: ɗigon ruwa, ƙwayar kofi, akwati mai ɗige-ɗige, ko alwatika mai alamar motsin rai a tsakiya? A tsaye take ko ƙiftawa take yi? Ita kaɗai ce ko da wata? A wane lokaci ta kama, da kunna inji ko yana tsakiyar zuba? Ɗauki ɗan bidiyo da waya, zai yi maka amfani ko da daga baya sai an je wurin mai gyara.

Sannan cire filogi, cire tanki, ka karkata injin ka karanta ƙaramar takardar da ke manne a gindinsa. Lambar samfurin tana nan, kuma da ita za ka sami littafin bayanin kyauta a shafin kamfanin a intanet, da Faransanci ko Turanci. A takardar nan za ka ga ƙarfin wutar da aka ƙera shi dominta. Tamu bolt 220 ce. Injin Turai ana rubuta masa 220 zuwa 240, ba matsala. Amma in ka ga 120, daga Amurka ko Kanada ya fito, kar ka kuskura ka jona shi kai tsaye, nan take zai ƙone.

Fitilar da ke ƙiftawa a hankali da zarar an kunna inji ba gargaɗi ba ce, ruwa yake ɗumamawa. Nespresso yakan gama cikin sakan 25 ko kusa da haka. Manyan da ke niƙa ƙwaya da kansu, irin De'Longhi Magnifica da Philips da Saeco da Krups, sukan ɗan fi daɗewa, kuma su zubo ruwan zafi kaɗan don ɗauraye bututu. Wannan ma daidai ne.

Fitilar ruwa

Ita ce mafi sauƙi. Tanki ya ƙare, ko bai zauna daidai ba. Cika shi, tura shi har ƙarshe.

In tanki cike yake kuma fitila ta ƙi mutuwa, ɗaga shi ka haska ƙasansa. A injuna da yawa za ka ga wani ɗan ƙaramin ɗaki a gefe, da wata 'yar roba a ciki mai ɗauke da mayen ƙarfe. In akwai ruwa sai ta taso, inji ya ji ta. Ruwa mai zartsi yakan bar mata fari-fari a jiki har ta manne a ƙasa, sai inji ya ɗauka babu ruwa. Girgiza tankin kusa da kunnenka: in ba ka ji ƙwas-ƙwas ba, ta maƙale. Jiƙa wurin da ruwan ɗumi da ɗan maganin ɓawo na minti 20, ka girgiza har ta saki, ka ɗauraye sosai. A Senseo, fitilar da ke ƙiftawa da sauri-sauri wannan take nufi.

Fitilar dusa

Ga inda ƙirgar nan ta fi rikita mutane. Inji yana lissafin kofi goma sha wani abu, sai ya ce a zubar da dusa. In ka zare akwatin lokacin da inji yake a kashe, ko lokacin da aka ɗauke wuta, bai san ka yi ba, lissafinsa yana inda yake. Don haka a kunne za ka zare tiren ƙasa da akwatin dusa, ka zubar, ka ƙirga sakan 10 kafin ka mayar. Wasu samfuran De'Longhi kuma sukan kunna ta bayan awa 72 ko da akwatin bai cika ba, kuma a ganina sun yi daidai. A zafinmu jiƙaƙƙiyar dusa ba ta jimawa take yin fumfuna, warinta kuma kyankyasai yake kira.

In fitilar ƙiftawa take yi bayan ka mayar, akwatin ne bai shiga daidai ba, ko gari ya taru a bayansa ya hana shi danna ɗan maɓallin da ke can ciki. Goge wurin da tsumma mai ɗan laima.

Fitilar wankin ɓawo

A Philips an rubuta mata Calc/Clean, a Senseo CALC, a masu allo na Faransa za ka ga détartrage, a Dolce Gusto kuwa maɓallin kunnawa ne yake komawa ruwan lemo. Wannan ce fitilar da aka fi raina wa, don inji yana ci gaba da zuba kofi duk da tana kunne. Ita ce kuma take kashe injuna.

Leƙa gindin butar da ake dafa ruwan shayi a gidanku. Farin abin nan da ya daskare, wanda ake kankarewa da cokali, sinadarin kalsiyam ne da ke narke a cikin ruwa, zafi ke sa shi ya fito ya manne. A buta ba ya hana komai. A injin kofi ruwan yana bi ne ta wani siririn bututu mai faɗin 'yan milimita a cikin hita, to can yake taruwa. Alamominsa sanannu ne: kofi ya rage zafi, ya riƙa zubowa siriri, ƙarar inji ta ƙaru, tururi ya yi rauni. In aka bar shi, ranar da bututun ya toshe gaba ɗaya maganin ma ba zai sami hanyar wucewa ba.

Ruwan unguwa ya bambanta da na unguwa, na famfo daban, na rijiyar burtsatse daban. Sabon inji yakan zo da wani ɗan tsinken takarda na gwaji: a tsoma a ruwa sakan 1, a jira minti 1, a ƙirga murabba'in da suka koma ja, daga 1 zuwa 4, sai a saita injin a kan wannan lambar. Da ita yake lissafin lokacin da zai kunna fitila. Injin gwanjo kuwa yana ɗauke da saitin gidan da ya fito. In can ruwansu ba ya yin ɓawo sosai aka sa shi a 1, kai kuma ruwan burtsatse kake zuba masa, zai toshe tun fitila ba ta kama ba. Shawarata, in ba ka da tsinken gwaji kuma butarku tana yin fari, sa shi a 4. Kuma duk injin da ka saya na hannu, wanke masa ɓawo tun ranar farko, da fitila ko babu.

Sai maganar magani. Na kamfani ya fi: De'Longhi na da EcoDecalk, Philips na da nasa a kwalba mai mililita 250, Nespresso ma na da nasa. Ba kowane kanti ke da su a arewa ba, sau da yawa sai an yi saƙo daga Yawunde ko Duwala, ta mota ko ta jirgin ƙasan da ke zuwa Ngaundare. To ka sa a kawo maka biyu ka ajiye tun fitila ba ta kama ba, ba a fafe gora ranar tafiya. In ya gagara, akwai garin sinadarin sitirik, wanda masu kayan kek da wasu kantunan magani ke sayarwa da sunan acide citrique. Littafin Senseo da kansa ya ba da ma'aunin giram 50 a lita 1 ta ruwa. Sauran kamfanoni nasu suke so a yi amfani da shi, amma ni dai na fi yarda da a sa sitirik da a bar inji ya toshe, muddin ba a wuce wannan ma'auni ba, ya narke sarai, aka kuma ɗauraye sau biyu. Ruwan khal, wato vinaigre, kamfanoni sun hana, yana cin robobin ciki, warinsa kuma ba ya fita da wuri. Ruwan lemon tsami da jiƙon tsamiya suna da ɓarɓashi da zaƙi, toshewa za su ƙara. Ruwan batir da asid ɗin wanke bayi kuwa, don Allah ko kusa. Abin da za a sha ne yake bi ta bututun nan.

Ga yadda ake yi a manyan injuna:

1. Zaɓi lokacin da kake kyautata zaton wuta za ta zauna. Aikin yana cin minti 30 zuwa 45, kuma ba a son a katse shi.
2. Zubar da ruwan tire da dusa. In akwai matacin ruwa a cikin tanki, cire shi ka ajiye. Zare bakin kumfar madara in yana zaruwa.
3. Zuba magani a tanki, ka ƙara ruwa zuwa layin da aka zana. A De'Longhi da yawa magani zuwa layin A, wato mililita 100, ruwa zuwa layin B. A Philips kwalbar gaba ɗaya, sannan ruwa zuwa layin Calc/Clean.
4. Tara kwano mai cin lita 2 a ƙarƙashin bakin kofi da bututun tururi.
5. Shiga tsarin wankin ta maɓallinsa, yawanci ta hanyar danne shi na 'yan sakanni. Nan ne littafin samfurinka yake da amfani. In ka tura maganin ta maɓallin haɗa kofi kawai, bututu zai ɗan wanku amma lissafi ba zai goge ba, fitila ba za ta mutu ba.
6. Inji zai tura ruwa, ya yi shiru, ya sake turawa. Shirun nan jiƙa ɓawo yake yi. Kar ka kashe shi, kar ka zare tanki.
7. In magani ya ƙare, wanke tanki tas, ka cika shi da ruwa mai kyau har layin MAX, ba ƙasa da haka ba. Ɗaurayar ma a ƙirge take. In ruwan bai kai ba zai sake neman wani, ko ya bar fitila a kunne.
8. Bar shi ya kai ƙarshe da kansa. Mayar da mataci, haɗa kofi ɗaya ka zubar.

Ruwan da ke fitowa yana da zafi kuma asid ne. A janye yara, a kiyaye ido, in ya fallatsa a kan tayil ko marmara a goge nan da nan.

In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, kar kowa ya sha komai daga injin. Da an dawo da ita, wasu injunan za su ci gaba daga inda suka tsaya, wasu su nemi ɗauraya. Bi abin da ya nema, sannan ka sake wankin daga farko in ka sami lokaci, don wancan bai shiga lissafi ba. Ƙananan Nespresso masu maɓalli biyu, in suna ƙiftawa da sauri ba tsayawa bayan wanki, ba su fita daga tsarin ba ne: danne maɓallan biyu tare na sakan 3 zuwa 5.

Alwatika, matata da ɗaukewar wuta

A bayan ƙofar gefe ta manyan injuna akwai wani akwatin baƙar roba, shi ne matata. Shi ke karɓar gari, ya matse shi, ruwan zafi ya ratsa, sannan ya tunkuɗa dusa waje. Yana hawa yana sauka a kan wata hanya, kuma a wuri ɗaya tak yake zaruwa, wato inda yake komawa in aka kashe inji ta maɓallinsa. Fitilar alwatika galibi a kansa take magana: ko bai shiga daidai ba, ko ƙofa ba ta rufu ba, ko datti ya sa ya yi nauyi.

Arewacin Kamaru ya dogara sosai da madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982. In rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, sai a shiga rabon wuta, kuma ba ta sallama kafin ta tafi. In ta tafi inji yana tsakiyar haɗa kofi, matata a rabin hanya take tsayawa. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa aiko yaro a kira ni kan haka. Na tarar ta buɗe ƙofar gefe, jiƙaƙƙen gari ya cika wurin, tana ƙoƙarin ɓanɓaro matatar da bakin wuƙa.

"Malam, abin nan ya ƙi fita, kuma Alhaji na da baƙi bayan la'asar."

"Hajiya, a ajiye wuƙar tukuna. A mayar da tire da akwati, a rufe ƙofa, mu jira wuta."

Da aka kawo wuta muka kunna, injin ya yi gurnani, ya mayar da matatar mazauninta da kansa. Muka kashe ta maɓalli, muka jira ya yi tsit, ta zaro da yatsu biyu. Da wuƙar ta ci gaba, haƙoran robar da ke juya matatar ne za su karye, kuma samun irinsu a nan aiki ne.

Wannan ita ce hanyar duk lokacin da ta maƙale: mayar da komai, rufe ƙofa, kunna, jira, kashe ta maɓallin gaba, jira, sannan ka zare. Kar ka saba kashe inji daga soket. In kuma matatar tana waje ta ƙi komawa, duba jikinta, akwai alamomi biyu da dole su fuskanci juna, ko hannun da dole ya kwanta har ƙasa. Daidaita ta a hannu, ka tura inda aka rubuta PUSH sai ka ji ƙas.

Wankinta da ruwan ɗumi zalla ake yi, ba sabulu, don sabulu yana wanke man da ke jikinta. Philips ya ce kowane mako, De'Longhi ya ce aƙalla sau ɗaya a wata. Da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ko'ina, ni kowane mako nake ba da shawara, kuma a riƙa rufe injin da ƙyalle in ya huce. A bar ta ta bushe a inuwa. Bayan wata biyu-biyu a shafa wa hanyoyinta man silikon na kayan abinci, kaɗan. Ban da man gyaɗa, ban da basilin, ban da giris ɗin babur. Yawancin Krups matatarsu ba ta zaruwa, su ƙwayar wanki ake jefa musu in fitilar tsafta ta kama.

In kofi yana ɗiga, ko famfon inji yana kuka ba ruwa

Abu biyu ne a nan. Na farko iska ce ta shiga bututu, bayan tanki ya ƙafe ko an sa sabon mataci. Za ka ji ƙarar famfon ciki ta yi kaifi, ba abin da ke fitowa. Cika tanki, tara kofi, buɗe bututun ruwan zafi ka bar shi ya yi ta tofarwa har ruwa ya miƙe. Sabon mataci kuma a nutsar da shi cikin ruwa har kumfa ta daina fita kafin a sa.

Na biyu, niƙa ta yi laushi da yawa har ruwa ya kasa ratsawa. A cikin mazubin ƙwaya akwai abin murɗawa mai lambobi. Matsa shi mataki ɗaya zuwa babbar lamba, amma sai lokacin da injin niƙa yake juyawa, in ba haka ba za ka iya lalata shi. Ba za ka ga bambanci ba sai bayan kofi biyu.

Kofin ƙasar nan mai kyau ne, arabika daga yankin Bafusam da Arewa maso Yamma, robusta daga wajen Nkongsamba. Sai dai wanda aka saya a buɗe a kasuwa, a baza shi a faifai a tsince, tsakuwa ɗaya ta isa ta tsayar da injin niƙa. Ƙwayar da aka soya da sukari ko mai, mai ƙyalli da danƙo, tana liƙewa har fitilar ƙwaya ta kama alhali mazubi cike yake. Mai son gahawa da citta da kanumfari irin ta Chadi, ya zuba kayan ƙamshinsa a kofi bayan an haɗa. Ramin garin kofi cokali ɗaya yake ɗauka, na ma'aunin injin, kuma a zuba inji yana kunne. Nescafé ba ya shiga ramin nan sam, narkewa zai yi ya daskare.

Zafi da ƙarfin wuta

In ka gama kumfar madara fitilu suka hau ƙiftawa, hita ce ta yi zafi fiye da na kofi. Saki ruwan zafi kaɗan ta bututun tururi, za ta sauko.

In kuwa fitilar ɗumama ta daɗe tana ƙiftawa, musamman da magariba, zargi wutar kafin ka zargi injin. Manyan injunan nan suna jan wat 1450 zuwa 1500. Hitar da ke ba da wat 1450 a kan bolt 230, in wuta ta faɗo 180, abin da za ta bayar bai kai wat 900 ba. Famfo ma sai ya yi sanyi. Ƙaramin janareta mai wat 650 ko 950 ba zai ɗauke shi ba, haka inbatar sola mai 1000. Sitabilaiza kuma kar ta gaza 2000, in da hali 3000. Ka jona shi a soket ɗin bango shi kaɗai, ba a siririn wayar da ke ɗauke da firji da talabijin ba. In aka ɗauke wuta a cire filogi, don dawowarta da ƙarfi ke ƙona allon lantarkin ciki.

Inda hannunka zai tsaya

In duk fitilu suna ƙiftawa tare, cire filogi na minti ɗaya, duba matata da ƙofa da tire, ka sake kunnawa. In suka dawo bayan ka gwada sau biyu, ko ruwa ya ƙi zafi sam, ko ka ga ruwa yana fita ta ƙarƙashin inji ba ta tire ba, ko ka ji ƙauri, ko jikinsa yana jan hannu, to cire filogi ka bar shi. Matsalar tana wajen ma'aunin zafi, ko fis ɗin hita, ko allon lantarki, inda kyankyasai ke son ɓuya don ɗumi. Kar ka kwance bayansa, ruwa da wuta ne a wuri ɗaya.

Nemi mai gyaran da ya saba da kayan ɗumama ruwa, ka zubar da tanki da tire kafin ka ɗauka, ka riƙe injin a tsaye a kan babur. Nuna masa bidiyon fitilar, ba shi lambar samfurin, ka gaya masa irin ruwan da kuke zubawa da lokacin da aka yi wankin ɓawo na ƙarshe. In ya ce fis ɗin hita ne ya ƙone, ka tsaya a kan ya sa wani mai lamba iri ɗaya. Kar ka yarda ya haɗe wurin da waya, domin fis ɗin nan shi ke yanke wuta in hita ta zarce da zafi.